Katin Masu Wucewa

Litinin, da sassafe

Ni Saverio Macrì na sauka daga jirgin ƙasa a Torino, arewacin Italiya, ina ɗan shekara goma sha bakwai, da akwatin kwali ɗaure da igiya da rabin burodi. Ba wanda ya tare ni. A lokacin, a ƙofofin gidajen haya rubutawa suke yi ƙarara cewa ba sa ba 'yan kudu ɗaki. Na kwana a tasha, na kwana a bayan gareji. Walda da ido na koye ta, don maigidan ba ya koyarwa, zagi kaɗai ya iya. Sakandare ta yamma na yi, ina riƙe biro da hannu baƙi ƙirin. Na buɗe shagona ba da rancen banki ba, ba da gadon uba ba. Yau in ka bi unguwarmu da safe ka ji ana ɗaga ƙofofin ƙarfen shaguna, rabinsu aikin hannuna ne. Na gina gida hawa uku. Na aurar da 'yata Loredana, jama'a suka ci suka bar saura. Na gina wa iyayena kabarin marmara a ƙauyenmu na Calabria, can kudu. Ko allura ban taɓa karɓa kyauta ba.

Na rubuta wannan ne don in tuna wa kaina, saboda tun jiya nake neman inda ake ajiye gishiri a gidan nan.

Litinin, da yamma

Matata Rosalba tana gidan yayarta Concetta, can hayin kogi. Ƙaramar jaka ta ɗauka. Amma ta kwashe maganin hawan jininta duka, har kwalin da ba a buɗe ba.

Talata, da rana

Loredana ta bugo.

"Baba, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Me ka ci?"

"Abinci."

Sai ta ce, "A gaban surukaina fa ka faɗa, Baba."

Na ce wasa ne, kowa ya yi dariya, har mijinta.

"Mijina a shagonka yake aiki. Ko tari ka yi dariya zai yi."

Na tambaye ta me uwar tata ta ce. Wai ba ta ce komai ba, sai abu ɗaya: tunda muka yi aure ban taɓa shiga da ita ko'ina ba sai coci da gidan makoki. Wai garin nan cike yake da gidajen tarihi, mutane suna tasowa daga Japan su gani, ita kuwa mijinta ko ƙofar ɗaya bai taɓa tura mata ba.

To, in wannan ne, mai sauƙi ne. Na ɗauka wani babban abu ne.

Rosalba ta cire 'yan hotunan nan da take liƙawa a jikin firji. Na ɗauka na waliyyai ne take samowa a coci. Yanzu firjin fari fat, kamar na asibiti.

Laraba, da hantsi

Na je shagon kofi na samu Ettore. Tsohon direban tiram ne, jirgin nan mai bin titi, haifaffen garin nan, shekara da shekaru muna karta yana cutata.

"Ɗan kudu, yau wa ya goge maka riga? Akuya?"

Na ce ya bar rigata, ya gaya min yadda ake shiga gidan tarihi.

"Ta ƙofa."

Da ya ga ban yi dariya ba ya ajiye kartar. Ya ce hanya biyu ce. Ko ka sayi tikiti a kowace ƙofa, ko ka sayi kati guda na kwana uku, ka shiga duk inda ranka ya so. In gida uku ko huɗu za mu shiga, kati ya fi. In ɗaya ne, tikiti. Amma katin da zarar ka nuna shi a ƙofar farko ya fara gudu, ba ya jiran kowa.

"Ko kuma ku bari sai Lahadin farkon wata, wasu ba a biya."

Na ce matata ba za ta bi layin sadaka ba ina raye.

"Likitoci ma suna bin layin nan, jaki."

"Likitoci ba su da kunya."

Ya raba karta. Ya cinye ni sau uku, ban ma lura da lokacin da ya yi cutar ba.

Alhamis, da yamma

Lissafin Ettore daban, nawa daban. Ba kuɗi ne maganar ba.

In tikiti ne, kowane gida sai na haye kogi, na danna ƙararrawar Concetta, na tsaya a titi na tambaya. Yau in tambaya, mako mai zuwa in sake tambaya. Kowace tambaya kuwa tana iya dawowa da a'a. Kati sau ɗaya zan tambaya, in ta ce to, kwana uku nawa ne. Ni ban saba tambaya ba. Sau ɗaya na taɓa roƙon Rosalba abu, a bakin famfon ƙauyenmu, ta ce to, muka yi aure.

Amma kwana ukun in sun ƙare fa? Tikiti ɗaya ɗaya zai kai mu har Kirsimeti. Kowane mako zan gan ta tana saukowa daga bene tana gyara gyalenta.

Kuma gwiwarta. Kwana uku a jere gwiwar nan ba za ta yarda ba. Ko za ta yarda, in ana zama ana hutawa.

Juma'a, da safe

Kati.

Juma'a, bayan abincin rana

Tikiti. Mutum ba ya cinye tukunya a loma ɗaya.

Asabar, da yamma

Rosalba ba ta bugo ba.

Lahadi, da rana

Loredana ta ce in zo in ci a wurinsu. Na ce ina da aiki. Na zuba taliya a tukunya, hannuna ya auna na mutum biyu. Miyar tumatir ɗin da Rosalba ta bari a firji ita ce ta ƙarshe, na ci rabi na rufe rabi.

Na je coci, amma ba tamu ba, ta unguwar Concetta. Na tsaya a baya jikin ginshiƙi. Daga nan ƙeyar Rosalba kawai nake gani. Ta rage gashinta. Na fita kafin a tashi, don ba ibada ce ta kai ni ba, kuma Allah ya san haka.

Talata, da hantsi

Na yanke. Kati.

Na sa kwat ɗin bikin Loredana na tafi ofishin baƙi masu yawon buɗe ido da ke dandali. Yarinyar da ke wurin ta kalli kwat ɗin ta gaishe ni da Turanci. Na amsa mata da harshenmu, ta ba ni haƙuri. Na ce kati biyu, na kwana uku.

"Daga wace ƙasa, yallaɓai? Muna rubutawa ne kawai."

Na ce daga titin bayan kasuwa.

"Au, a nan kake zaune? Ai in mazaunin gari ne akwai wani..."

Na ce ban zo neman ragi ba, 'yata. Ƙofar ƙarfen da kika ɗaga yau da safe, tafi ki duba ƙasanta ki ga sunan wa ke jiki. Ta ce to. Ban san ko tawa ce ba, ban duba ba da zan shiga.

Na fito da kati biyu da taswira. Fiye da shekara hamsin a garin nan, yau an ba ni taswirarsa.

Laraba, da yamma

Na zaga hanyar da ƙafa, yadda nake zaga aiki kafin in kawo ma'aikata. Ban shiga ko'ina ba, don kar in riga ta gani. A kowace ƙofa na tambayi masu gadi ko akwai lif na hawa bene, ko akwai wurin zama a ciki. Wasu gidajen na san su ta baya, na taɓa kai ƙarfe ta ƙofar kaya. Ta gaba ban san su ba.

Ranar farko gidan tarihin tsoffin gawarwakin Masar da safe, sai abinci, sai fadar sarki. Rana ta biyu hasumiya, mu hau lif har sama ta ga duwatsu. Rana ta uku ita za ta zaɓa. Na samu wurin cin abinci mai farin ƙyalle a tebur, na duba kujerunsa, suna da majingina.

Na tarar da kaina ina yi wa Rosalba bayani ni kaɗai a titi da ƙarfi, har wata mata ta juyo.

Alhamis, da rana

Na haye kogi. Na danna ƙararrawa. Concetta ce ta amsa ta na'urar ƙofa, ba ta buɗe ba.

"Wane ne?"

"Kin san ko wane ne."

"Muna jiran mai gas, muna jiran mai wasiƙa. Wanne ne a ciki?"

"Mijin ƙanwarki."

"Au, mai ƙofofi. Tamu ba ta lalace ba."

Na ce ta kira min Rosalba, magana ɗaya ce.

"Ba ta nan. Yau Alhamis."

"To in Alhamis ce sai me?"

Na ji tana gaya wa wani a ciki, ko kyanwarta ce, "Ji shi. Bai san Alhamis ba." Ta kashe na'urar.

Na dawo a ƙafa. Ranar Alhamis kullum ɗumame muke ci a gidan nan. Na ɗauka ranar hutun girki ce.

Juma'a, da safe

Katunan suna aljihun kwat. Ba su fara gudu ba tukuna. Wannan kaɗai ke kwantar min da hankali.

Asabar, da yamma

Ta zo.

Da safe ne, da makullinta ta buɗe. Kayan sanyi ta zo ɗauka. Ina kicin, na ji takunta a bene, ƙafa ɗaya tana jiran ɗaya. Ta ce ina kwana, na ce ina kwana, kamar maƙwabta. Ta shigo shan ruwa, idonta ya sauka a kan murhu, sai ga tsumma a hannunta tana gogewa. Ba ta ma san ta ɗauka ba. Na tsaya ina kallon hannun. Zoben yana nan.

Na ajiye katunan a tebur. Ta sa tabarau, ta karanta gaba da baya.

"Na me ne wannan?"

"Na garin ne duka. Kwana uku. Duk inda kike so."

"Kwana uku, Saverio. Mu zaga da taswira kamar 'yan Jamus, rana ta huɗu in dawo in ɗora tukunya?"

"Ban ce haka ba."

"Katin masu wucewa ne wannan. Dubi, ko suna babu. Wanda zai kama jirgi ranar Litinin shi ake sayar wa."

Na ce to, tikiti. Ɗaya ɗaya, duk ranar da ta ce, ko har bazara.

"Ni ba na sayen tikiti."

Ta buɗe jakarta ta fito da wani kati, gefensa ya goge don daɗewa. Na shekara ne, na mazauna gari, da sunanta a jiki. Ta ce tun shekarar da Loredana ta yi aure take sabunta shi. Duk Alhamis. Da farko ta zaga ko'ina, gawarwakin Masar ɗin ma ta gaji da su. Yanzu gida ɗaya take zuwa, ƙarami mai jan bango a bayan lambu, kuma yawanci ɗaki ɗaya. Akwai hoton wasu mata suna wanki a rafi, ɗaya ta miƙe ta dafa ƙugu tana kallon hanya. Ta ce ruwan irin na rafin ƙauyenmu ne sak, har sanyinsa take ji a yatsu.

"Shi ne nake ba uwar mijin Loredana labari ranar nan."

Ranar nan ce na katse ta da wasan da ya sa kowa dariya.

"Ke kaɗai kike zuwa?"

"Da wa zan je?"

Ta ninke tsumman ta rataye inda take ratayewa. Ta ɗauki jakar kayan, na ce in kai mata tiram, ta ce ba nauyi. A bakin ƙofa na ce, "Wurin nan, mutum zai iya..." Ban ƙarasa ba.

"Ba gidan ubana ba ne. Duk mai ƙafa yana shiga."

Kofin da ta sha ruwa yana nan a tebur.

Lahadi, da safe

Ban je ko wace coci ba.

Litinin, da hantsi

Na ba Ettore katunan, shi da matarsa.

"Kyauta?"

"Kai ai ka iya karɓa."

Ya sa a aljihu ba musu. Na gaya masa abin da ya dace ya sani, ba duka ba. Ya ce to mene ne abin wahala, ranar Alhamis in sayi tikiti in shiga in zauna kusa da ita.

Na ce tikiti na yini ɗaya ne. A ƙofa ake yaga shi. Za ta gan shi a hannuna ta san da yamma ya mutu.

"Ɗan kudu, matar nan kai take so ta gani ko takarda?"

"Ka raba karta."

"In ta ce ka tashi daga bencinta fa?"

"Sai in koma na baya. Na ji benci biyu ne."

Ban ji ba. Ban san ko nawa ne ba.

Talata, da yamma

Loredana ta ce za ta yi min katin shekarar ta waya, minti biyu, a kan asusunta. Na ce a'a. Ta ce Baba abu ɗaya ne. Na ce ba ɗaya ba ne.

Na je aski.

Laraba, da rana

Ruwa tun safe. In aka yi ruwa gobe ba za ta fita ba saboda gwiwar. Ko za ta fita. Ban san ko tana fita in ana ruwa ba. Ranar Alhamis ina shago.

Na goge riga da kaina. Na ƙona ɗaya, ta biyun ta yi.

Alhamis, da yamma

Ta koma gidan Concetta. Na raka ta har tiram, ta bar ni na riƙe mata lema. Wai Alhamis mai zuwa in zo da tabarauna, don in ba su ba, ba zan ga fuskar matar da ke kallon hanya ba.

Ga yadda aka yi.

Na isa an buɗe ba da daɗewa ba. Gidan ƙarami ne kamar yadda ta ce. A ɗakin ajiye kaya na hangi koren kwat ɗinta a rataye, yana ɗigar ruwa. Na san tana sama.

Na ce wa matar da ke teburin shiga ina son katin shekara. Na ajiye katin shaidata da kuɗina. Ta danna, ta sake dannawa, ta ce injin da ke buga katin ba ya aiki yau, sai dai gobe. In sayi tikiti in shiga.

Na ce ba tikiti na zo saya ba.

Ta dube ni, ta dubi sabon askin, ta rage murya. "To Baba, wuce kawai. Yau ba kowa, ba komai."

Na ce na gode, 'yata, amma ban taɓa shiga gidan mutane haka ba. Na ce ta kira min babbansu. Ta ce yana taro. Na ce zan jira. Na zauna a bencin zaure da hulata a gwiwa.

Na daɗe. 'Yan makaranta suka shiga suka fito. Can na ji takun a bene, ƙafa ɗaya tana jiran ɗaya. Ta sauko rabi ta tsaya.

"Me kake yi a nan ƙasa?"

"Ina jiran kati."

Matar teburin ta shiga yi mata bayani, da sunanta ma take kiranta. Kowa a gidan nan ya san matata. Mai gadi har kujera ya jawo mata.

"Ta ce ka wuce, Saverio. Ka wuce mana. Wai kai komai sai ka mai da shi yaƙi?"

"Ban zo yini ɗaya ba."

Ta dubi kujerar da mai gadi ya kawo, ta dubi bencin. Ta zo ta zauna a bencin, ba kusa sosai ba, mutum ɗaya zai iya shiga tsakaninmu. Ta ɗora jakarta a cinya.

"Ka ƙona wuyan rigar nan," ta ce.

"Waccan ce na ƙona."

"Wannan ma."

Muka zauna. Ruwa yana sauka a tagar sama. Ban tuna rabon da mu zauna haka ba, ba tebur a gabanmu, ba mai jiran a zuba masa.

Daga ƙarshe babban nasu ya fito, wani siriri mai gemu. Ya ba da haƙuri, ya ce gobe da safe katin zai fito, yau dai in shiga a matsayin baƙonsu.

Na miƙe. Na ce masa ni ba baƙo ba ne. Na ce injin ne ya lalace, hannunka bai lalace ba. Ga biro, ga takarda, ga kuɗina. Ka karɓa, ka rubuta da hannunka cewa daga yau har shekara ta zagayo mutumin nan yana shigowa gidan nan duk Alhamis. Ka rubuta Saverio Macrì, maƙerin ƙofofi, mazaunin Torino, mijin matar nan da ke zaune. Ka rubuta da manyan baƙaƙe, yadda za ta iya karantawa daga inda take.